Ambaliya: Tsakanin Filin Wasan Manya Da Fadamar Talakan Bagudo

Da zarar watan Agusta ya raba tsakiya, hankalin manomin shinkafa a ƙasar Bagudo ba ya sake kwanciya. Daga Lolo zuwa Illo, daga Tuga zuwa Zagga, idon kowa yana kan Kwara, ana duban inda ruwa ya kai yau da inda ya tsaya jiya. In aka yi rashin sa'a ya tumbatsa, a kwana biyu ko uku sai guminsa na wata huɗu ya koma ƙarƙashin ruwa. Daga nan kuma an san abin da zai biyo baya: jerin gwanon motoci daga Birnin Kebbi, jawabin jaje, 'yan buhunan hatsi da tabarmi da bokitan roba a gaban kyamara, sai kuma shiru har wata daminar. Ko shakka babu ruwa na Allah ne, Shi ke saukar da shi inda Ya so a lokacin da Ya so. To amma barin talaka ya tari wannan ruwa da ƙirjinsa shekara da shekaru, ba gargaɗi mai amfani, ba madatsa, ba diyya, wannan aikin mutane ne, kuma mutanen nan suna da sunaye da ofisoshi da albashi.

Domin a gane bambancin ƙasar da ake lissafin asara da wadda ake share ta da jawabi, yana da kyau 'yan uwa matasa su ji labarin wani filin wasa da ke can ƙasar Kanada. A lardin Alberta, cikin manyan duwatsun da ke yamma da birnin Kalgari, akwai wani fili mai suna Kananaskis da ake buga wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu. Wasa ne na masu hannu da shuni, inda mutum zai riƙa bugun 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda yana bin ta a kan ciyawa har ta faɗa rami. Gwamnatin lardin ce ta gina filin da kuɗin man fetur, aka buɗe shi a 1983, yana da ramuka 36. A watan Yunin 2013 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a kan duwatsun nan, ya haɗu da ƙanƙarar da ke narkewa, ƙoramu suka ɓalle suka kwaso duwatsu da tsakuwa da itatuwa suka zube a kan filin. Cikin ramuka 36, guda 32 suka lalace. A 2014 gwamnati ta ba da sanarwar za ta kashe dalar Kanada miliyan 18 don gyara shi, aka kuma sake buɗe shi a 2018.

Abin lura a nan shi ne, ko a can ɗin ma mutane ba su yi shiru ba. An yi ta cacar baki a jaridu da majalisa: a kan me za a ɗebi kuɗin jama'a a gyara wurin shaƙatawar 'yan tsiraru? Gwamnati ta kare kanta da cewa filin nata ne, yana jawo baƙi, yana ba mutane aiki. Amma kafin a kai ga maganar ciyawa, an fara ne da mutane. Ambaliyar ta tayar da mutum sama da 100,000 daga gidajensu, mutum 5 suka mutu, ɓarnar ta haura dala biliyan 5. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin lardin ta ware dala biliyan 1 don fara agaji, aka raba wa waɗanda suka bar gidajensu katin cirar kuɗi, babba dala 1,250, yaro dala 500. Waɗanda gidajensu ke kan hanyar ruwa aka yi musu tayin sayen gidajen don su koma tudu. Daga baya, a 2022, aka fara gina wani katafaren tafkin ajiye ruwa a Springbank domin a riƙa karkatar da ambaliya kafin ta isa birni. Ba wai mutanen kirki ne fiye da kowa ba, suna da nasu zaluncin da tarihi ya sani. Abin da ya sa suka yi hakan shi ne, mai mulki a can ya san za a tambaye shi, kuma in bai ba da amsa ba kujerarsa ce a bakin rami.

Su ma manyan Nijeriya ba a bar su a baya ba wajen wannan wasa. Tun 1913 Turawan haƙar kuza suka kafa filin golf na Rayfield a kan tsaunin Jos, suna shan iska da yamma bayan lebura ya wuni cikin rami yana tono musu arziki. Da suka tafi, magadansu suka karɓi sandar. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agusta, kuma shekarar da aka mayar da fadar mulki Abuja, a ita ce aka buɗe babban filin golf mai ɗauke da sunan Janar Babangida a sabon birnin. Ciyawar irin wannan fili ba ta san rani ba, ana ba ta ruwa da injin, ana yi mata aski, ana tona mata magudanai don kada ruwan damina ya kwanta a kanta. Ashe dai an san yadda ake sarrafa ruwa a ƙasar nan! Ashe akwai injiniyoyi, akwai kuɗi, akwai dabara! Sai in an zo kan fadamar da ke ciyar da al'umma ne ake tuna cewa komai ƙaddara ne. Babu mai cewa wasa haramun ne ga wanda ya yi da halalinsa. Abin tambaya shi ne, wace irin ƙasa ce ciyawar wasa ta fi shinkafar abinci gata a cikinta?

Ruwan da ke cinye gonakin Bagudo ba daga sama yake faɗowa bagatatan ba, tafiya yake yi, kuma ana ganin tafiyarsa. Kwara ya taso ne daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali, ya bi ta Yamai, ya zama iyaka tsakanin Nijar da Benin, ya wuce ƙarƙashin gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, sannan ya shigo Nijeriya ta yankin Lolo. Masana ruwa sun daɗe da sanin cewa cika biyu yake yi a shekara. Akwai cikar da ke zuwa da sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, wato ruwan Gini da ya daɗe yana yawo a fadamun Mali kafin ya iso. Wannan a hankali take zuwa. Akwai kuma cikar damina ta Agusta da Satumba, mai jan ruwa da laka, wadda rafuka irin su Sirba da ke fitowa daga Burkina Faso, da Mekru da Alibori da Sota na ƙasar Benin suke haddasawa. Ita ce mai ɓarna, domin tana zuwa da gaggawa, kuma a daidai lokacin da shinkafa ta ɗauki ciki. A cikin Jihar Kebbi kuma sai ga Gulbin Sakkwato ya kawo nasa, ɗauke da abin da aka sako daga madatsun Goronyo da Bakolori. A ƙasa kuwa ga tafkin Kainji, wanda aka kammala madatsarsa a 1968. Bagudo tana tsakiyar wannan haɗuwa.

To tunda haka ne, ina wahalar gargaɗi? Akwai Hukumar Kogin Kwara mai ƙasashe 9, hedikwatarta a Yamai, wadda aikinta ya haɗa da auna ruwa da sanar da ƙasashe. A Abuja akwai hukumar NIHSA da ke fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, tana lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, ga kuma NiMet mai hasashen damina. Ruwan da aka auna a Yamai sai ya yi kwanaki kafin ya iso Lolo, don tsakanin Yamai da Gaya kaɗai akwai tafiyar kusan kilomita 300. Sai dai hasashen nan da Turanci ake karanta shi a ɗakin taro mai sanyi, a tafa, a ci abinci, a watse. Manomin da ke tungar bakin gulbi, wanda Hausa da Dandanci ko Zabarmanci ko Fulatanci yake ji, shi labari ba ya iso masa sai ruwa ya shigo ɗaki. Gargaɗin da bai kai kunnen mai gona ba, da shi da babu duk ɗaya.

Shekarar 2020 ta isa misali. A farkon Satumbar shekarar ruwan Kwara a Yamai ya kai kusan mita 7, abin da ba a taɓa aunawa ba kafin nan, ya fasa madatsar unguwar Lamorde ya shiga gidaje. Duk mai hankali ya san inda wannan ruwa ya nufa. Da ya iso Kebbi, shugabannin ƙungiyar manoman shinkafa ta jihar suka ce kimanin hekta 450,000 ta nutse, aka ƙiyasta asarar shinkafa tan miliyan 2. Bagudo na cikin ƙananan hukumomin da suka fi jin jiki. Kuma a tuna halin da manomi ke ciki a lokacin. A watan Nuwamban 2015, a nan Kebbi marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Babban Banki, aka ce kowa ya koma gona. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa don hana shigo da shinkafar waje, a watan Nuwamban shekarar kuma aka hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mutumin Lolo da na Tsamiya, wanda kasuwarsa da danginsa rabi suna Madekali da Segbana, aka toshe masa wannan ƙofa, aka ce ya dogara da gona. Ya ci bashi, ya sayi taki, ya shuka, ruwa ya zo ya share. Iyaka a rufe, gona a ƙarƙashin ruwa, bashi a wuya. Bayan 'yan watanni kuma, a 2021, sai ga dalar buhunan shinkafa an jera a Zauro ana ɗaukar hoto, a Janairun 2022 aka jera wadda ta fi ta a Abuja. Da an tambayi wanda ruwa ya cinye wa gona, da ya faɗi abin da ke bayan hoton.

Ita kanta iyakar abin dubawa ce. Turawan Ingila da na Faransa ne suka zauna a Paris a 1898 suka ja layi, Illo ta faɗo hannun Ingila, 'yan uwansu na gaba kaɗan suka faɗa hannun Faransa. Kwara bai san wannan layi ba. Ruwan da ya kwana a Karimama da Malanbil shi ne zai wayi gari a Lolo. A 2010, lokacin da ambaliya ta shafi mutum kusan 680,000 a Benin, a shekarar ce ruwan Goronyo ya mamaye ƙauyukan Sakkwato har ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Musiba ɗaya ce, jama'a ɗaya ce. Mahukunta sun iya jibge jami'ai a kan iyaka don kama buhun shinkafa a bayan babur, amma ba su iya ajiye mutum ɗaya mai waya da zai riƙa karɓo labarin ruwa daga Gaya yana isar wa masu unguwanni ba. Hanyar da ta bi ta gadar Tuga zuwa Ka'oje ita ce jijiyar duk garuruwan da ke hayin gulbi. Ranar da ruwa ya hau ta, mai naƙuda da maras lafiya sai kwalekwale, shi ma ba rigar ruwa.

Za a ce babu kuɗi. Wannan magana ba ta karɓuwa. Tun 1981 aka kafa Asusun Kula da Muhalli, wanda ake yanka masa kaso daga asusun tarayya, Gwamnatin Tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi kowa na da rabonsa, kuma don irin wannan rana aka yi shi: ambaliya, zaizayar ƙasa, kwararowar hamada. Ina kuɗin suke shiga? Kotu ta ba da amsa a kan jiha guda. A watan Yunin 2018 wata babbar kotu a Abuja ta ɗaure tsohon Gwamnan Filato, Joshua Dariye, shekara 14 saboda karkatar da sama da Naira biliyan 1 na wannan asusu. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa shekara 10, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2021, sai ga shi a 2022 an yi masa afuwa ya koma gida. Wannan shi ne wanda aka kama. Bayan ambaliyar 2012, wadda ta kashe mutum 363 ta raba sama da miliyan 2 da gidajensu, Shugaba Jonathan ya ba da sanarwar Naira biliyan 17.6 na agaji. Bayan shekara goma, a 2022, ruwa ya dawo ya kashe sama da mutum 600. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri, a Mayun 2025 Mokwa ta wayi gari da gawarwaki sama da 150. Ga kuma hukumar HYPPADEC da aka yi dokarta tun 2010 don al'ummomin da madatsun lantarki suka shafa, Kebbi na ciki, amma sai da ta shafe kusan shekara goma a takarda kafin ta fara aiki. Hukumomi sun yi yawa, kowace da tambarinta da motocinta, shi kuwa manomi da kwandonsa yake kwashe laka daga ɗaki.

Sai kuma maganar ƙaddara, wadda ta zama bargon da ake lulluɓe sakaci da shi. Mumini ya yarda da ƙaddara mai daɗi da maras daɗi, wannan ba abin jayayya ba ne. Amma Annabi Nuhu (AS) tun ƙasa na bushe ya fara sassaƙa jirgi, mutanensa na wucewa suna yi masa dariya. Annabi Yusuf (AS) da aka sanar da shi shekarun yunwa na tafe, rumbuna ya gina, ya tara hatsi shekara bakwai, ya sa lissafi da tsari. Waɗannan su ne suka fi kowa sanin Allah, kuma ba su naɗe hannu ba. Talakan da ya rasa gonarsa ya ce Allah Ya kawo, wannan haƙuri ne, yana da lada. Amma jami'in da aka damƙa wa kuɗin madatsa da na magudana, ya zo gaban mutane ya ce Allah Ya kawo, wannan ya fake da sunan Allah ne don kada a tambaye shi. Bagudo ƙasar Gwandu ce, ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rubuta Diya'ul Hukkam don ya nuna wa masu mulki cewa shugabanci amana ce da za a yi hisabi a kanta. Jikokin almajiransa bai kamata a ruɗe su da buhun gero ba.

Gaskiya kuma ɗaya ce, ita ma jama'a tana da nata laifin. Ana sare itatuwan bakin gulbi da na daji a yi gawayi, ƙasa ta zama tsirara, ruwan sama ya kwashe ta ya cika cikin kogi da yashi, kogi ya rasa zurfin da zai riƙe ruwa. Ana gina gida a inda kakanni suka san hanyar ruwa ce. Wani kuma ko an yi gargaɗin ba zai tashi ba, ya ce nan aka binne cibiyarsa. Sai dai mutumin da ba a ba shi fili a tudu ba, ba a ba shi abin dafa abinci in ba itace ba, laifinsa bai kai na wanda ya riƙe kuɗin da za a yi waɗannan abubuwa da su ba.

To mene ne abin yi? A nan ne nauyi ya hau kan 'yan uwa matasa, musamman waɗanda Allah Ya ba ilmin boko da na Islamiyya, suna iya karatu da rubutu da lissafi. Kusan kowane gida a Illo da Lolo yana da ɗan uwa ko abokin ciniki a Gaya ko Malanbil. Matasan kowace unguwa su tsayar da mutum biyu ko uku da za su riƙa buga waya can tun daga farkon Agusta, su kafa sanda mai alama a bakin gulbi suna dubawa safe da yamma, abin da suka gani su kai wa liman da mai gari a sanar a masallaci da harshen da mutane ke ji. A san tudun da za a kai tsofaffi da mata da yara da dabbobi tun kafin ranar, a san kwalekwalen wa za a ɗauka, a yi gayya a ɗaga rumbuna. Bayan ruwa ya janye, amai da gudawa da zazzaɓin sauro ne ke biyowa, don haka a tafasa ruwan sha, a koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari, a gaggauta kai wanda ya kamu asibiti.

A fannin noma ma akwai abin nema. Tun 2017 aka fitar da irin shinkafa guda biyu, FARO 66 da FARO 67, waɗanda ke iya jure nutsewa cikin ruwa har kusan mako biyu su sake tashi. Matashin da ya yi sakandare zai iya zuwa ofishin malaman gona ya tambayi inda ake samunsu, manoma su haɗa kuɗi su gwada a gefen gona kafin su yarda da shi gaba ɗaya. Akwai kuma hukumar inshorar noma ta tarayya, NAIC. Duk wanda aka ba bashin noma ya nemi a nuna masa a rubuce ko an cire masa kuɗin inshora, in an cire kuwa, me zai samu ranar da ruwa ya ci gonar.

Mafi muhimmanci shi ne rubutu. Abin da ya sa aka san ramuka 32 ne suka lalace a Kananaskis, wani ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ƙirga. A Bagudo kuwa sai a ce "gonaki da dama", "gidaje masu yawa", a cikin wannan duhu ne ake cusa sunayen 'yan siyasa da 'yan barandansu a jerin masu karɓar agaji. Matasa su ɗauki littafi da biro su bi gida gida: sunan mai gona, girman gonar, abin da ya shuka, bashin da ke kansa, ɗakin da ya faɗi. A yi kwafi uku, ɗaya wurin mai gari, ɗaya wurin liman, ɗaya a kai sakatariyar ƙaramar hukuma a sa hannu an karɓa. Sannan a nemi kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar jiha, cikin ladabi da natsuwa, ba zagi ba jifa, a tambaye su nawa ya shigo na Asusun Muhalli a bana, kuma me aka yi da shi. Rabon da ake yi daga asusun tarayya ana buga shi kowane wata, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar tambaya. In sun ba da amsa a rubuta, in sun ƙi a rubuta, a karanta wa jama'a ranar da suka dawo neman ƙuri'a.

Wani Agustan na nan tafe, kuma Kwara zai sake cika kamar yadda ya saba tun kafin a haifi kakannin kowa. Masu sandar golf ba za su bar ciyawarsu su zo su tare wa mutanen Tuga ruwa ba sai ranar da suka ga tambaya ta yi musu yawa. Allah Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri, Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya ba matasa ƙarfin zuciyar tsayawa kan haƙƙin iyayensu, amin.